Ƙirga da Sunayen Alƙaluma a Hausa: Waiwaye Daga Ƙasar Daura

Masu nazarin harshe sun daɗe da lura cewa daga ashirin zuwa casa'in duk aro ne daga Larabci. Wannan ya sa wasu ɗalibai ke zaton Bahaushe bai iya wuce goma ba sai da ya haɗu da Balarabe. Manufar wannan maƙala ita ce nuna raunin wannan zato.

Kafin aron, Hausa tana da "gomiya", wato jam'in goma: gomiya biyu 20 ke nan, gomiya tara kuwa 90. Akwai "hauya" mai nufin wuri 20, da "zangu" mai nufin wuri 100, da "zambar" wadda ake sawa a madadin dubu, kamar a zambar goma. Ba abin mamaki ba ne, domin lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar dala guda. Mutanen da ke zube irin wannan wuri a tabarma kullum ba su rasa sunan ashirin ba. Malanta da fatauci ne suka fifita kalmomin Larabci, har da metan (200) da arbaminya (400) da hamsaminya (500). Haka ya faru ga Sawahili, sai dai shi aron ya gangaro har cikin ƙananan alƙaluma: sita, saba, tisa.

Abin lura shi ne kalmomi aka aro, ginin kuwa na Hausa ne. "Sha" ke haɗa goma da 'ya'yanta, "da" ke haɗa saura, sannan ga ragi: ashirin ba ɗaya 19, talatin biyu babu 28.

Inda lamarin ya fi armashi shi ne kasuwannin kan iyaka na masarautar Daura, irin su Mai'aduwa, inda naira da sefa ke gogayya. Mutumin Nijar ba ya ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala yake lissafi, ita kuwa sefa 5 ce. Sunan ya samo asali daga tsohon kuɗin azurfa na Turai. Saboda haka in ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, in ya ce dala ɗari, 500. Jikarsa sefa 1,000 ce, wato dala 200. A Nijeriya kuwa jaka fam 100 ce a zamanin Turawa. Da aka sauya kuɗi a 1973, fam guda ya zama naira 2, jaka ta koma naira 200. Baƙon da bai san wannan ba, ko da Hausa ya sha a nono, sai a yi ciniki da shi a rabu kowa da adadin da ke zuciyarsa.

Ita ma "ɗari" ta taɓa zama sunan rabin kwabo, domin wuri ɗari ne kwatankwacinsa. Ta bi sisi da taro da ahu, yau sai a bakin dattawa.