Amsoshin Tambayoyinku: Dashen Hanta Daga Mai Rai

Wata 'yar'uwa daga Gusau ta aiko tana tambaya: in ta ba ƙaninta ɓangaren hantarta, me zai biyo baya?

To Malama, Allah ya ba shi lafiya. Hanta tana da wata baiwa, in an yanki ɓangarenta takan sake tofowa. Cikin 'yan watanni, taki da wadda aka dasa masa duk za su kusan cika girma. Tun 1989 ake samun nasarar wannan dashen hanta, kuma a manyan asibitocin da suka ƙware, kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi wa dashen sukan haye shekarar farko. Sai dai ƙaninki zai sha maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar har iya rayuwarsa, kuma hanyar maɗaciya takan toshe ko ta yi yoyo.

Ke kuwa, tiyata ce babba. Za ki yi kamar mako guda a asibiti, sannan wata biyu zuwa uku kina jinya. Ba kasafai mai bayarwa ke rasa rai ba, amma yakan faru. Shi ya sa likitoci za su fara auna jininki da hantarki, su tabbatar ba a tilasta miki ba.