Garin Neman Gira: Tsokaci Kan Hana Sayar Da Ruwan Gora

Manufar wannan ɗan nazari ita ce duba wata doka wadda ta haifi abin da ba a zata ba. A watan Janairu na 2013, Jami'ar Vermont ta ƙasar Amurka ta hana sayar da ruwan gora a harabarta domin rage sharar roba. Niyya ce kyakkyawa, sai dai an bar lemunan zaƙi a kantuna. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa gorunan da ake shigowa da su ƙaruwa suka yi, ɗalibai kuma suka karkata ga lemo. Dalili a fili yake: mai ƙishirwa, abin da ya tarar shi zai saya. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 kuwa yana ɗauke da sukari giram 39, wato kusan ƙaramin cokali 10.

Kamfanoni kan ce ƙiba laifin mai sha ne. A ganina wannan hujja gurguwa ce. Da Birtaniya ta sanar da harajin lemunan zaƙi a 2016, tun kafin ya fara aiki a 2018 kamfanoni da dama suka rage sukarin lemunansu don gudun biya. Ashe dama suna iyawa.