Darasin Lafiya: Idon Yaro Yana Bukatar Hasken Rana

'Yan'uwa, mu tuna da makahon Betsaida a Markus sura 8. Da Yesu ya taɓa shi da farko, ya soma gani, amma dishi-dishi, har ya kasa bambanta mutum da itace. Akwai yara a cikinmu da haka suke ganin allon makaranta kullum. Abin da ke kusa suna ganinsa sarai, na nesa kuwa sai hazo.

Wannan yana faruwa ne idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima yayin da yaro yake girma. In ta riga ta yi tsawo, ba ta komawa.

A shekarar 2020, annobar korona ta sa aka rufe makarantu. A garin Feicheng na ƙasar Sin, likitoci sun saba auna idon 'yan makaranta kowace shekara. Daga 2015 zuwa 2019, cikin yara ɗari masu shekara 6, waɗanda ba sa gani daga nesa ba su taɓa wuce 6 ba. Bayan watannin kulle a gida, sai suka haura 21. Yara masu shekara 9 zuwa 13 ba su canja sosai ba. Ƙanana ne abin ya fi shafa, domin idonsu bai gama ƙwari ba.

Me ya jawo haka? Zaman ɗaki, da zura ido ga waya ko littafi dab da fuska. Hasken waje yana sa ido ya fitar da wani sinadari mai hana ƙwayar yin tsawo da sauri. Fitilar ɗaki, komai haskenta, ba ta kai ko inuwar bishiya da rana ba. Tun 2010 ƙasar Taiwan ta umurci makarantu su riƙa fitar da yara waje awa 2 kowace rana, matsalar kuwa ta soma raguwa.

Mu a ƙauye muna da wannan magani kyauta. Yaron da ke kiwon awaki ko kai abinci gona yana samunsa. Damuwarmu ita ce yaran da muka tura birni wurin dangi, da ƙananan da muke miƙa wa waya domin su yi shiru. Mu iyaye ma, gaskiya, muna da laifi a nan.

Mu lura da yaron da ke ƙanƙance ido, ko matsowa gaban allo, ko kwafar rubutu daga littafin abokinsa. Sau da yawa ana dukansa a ce daƙiƙi ne, alhali gani ne ba ya yi. Kada mu ɗiga masa ruwan ganye. Mu kai shi asibitin ido. Tabarau ɗin likita ba ya ɓata ido, kamar yadda wasu ke faɗa.

Ranar Lahadi mai zuwa, malaman makarantar Lahadi su rubuta haruffa a allo, kowane yaro ya tsaya taku goma baya, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sa'an nan ɗayan. Wanda ya kasa, a rubuta sunansa a ba ma'aikacin lafiya na ikkilisiya.