Darasi: Tallafin rage hayaƙi, misali daga Nima da Maamobi

A Nima da Maamobi, cikin Akara, hayaƙin gawayi da na bolar da ake ƙonawa da na tsofaffin motoci duk haɗuwa suke a lungu ɗaya. Uwa mai girki da jaririn da ta goya su suka fi shaƙar sa. Shi ke jawo tari, da ciwon haƙarƙari ga yara, da tashin asma.

Abin da za mu riƙe: tallafin gwamnati a wannan fanni ba kasafai yake zuwa kuɗi a hannu ba. Kaya ne ko aiki. A 2013 gwamnatin Gana ta fara raba tukunyar gas da murhunta kyauta a karkara, da burin rabin gidajen ƙasar su koma girki da gas zuwa 2020. Sai dai tukunya kyauta ba ta cika kanta. Da yawa sun koma gawayi da gas ya ƙare, saboda tsada da nisan wurin cikawa.

Akwai kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, wanda tsabtar unguwa na cikin aikinsa. Buƙatar unguwa ta fi samun shiga idan jama'a suka kai ta tare, a rubuce, ta hannun wakilinsu a majalisar gunduma: Ayawaso ta Gabas ga Nima, ta Arewa ga Maamobi.

Wanda ya ce ku biya kafin ya rubuta sunanku, kada ku ba shi ko sisi. Ku fara tambayar ofishin sansani wace takardar shaida ake karɓa.