Halin Iyalin Kirista a Lokacin Annoba: Darussa Uku Daga Jos

Wuraren karatu: Littafin Firistoci 13:1-8, Matiyu 4:5-7, Luka 10:25-37

Gabatarwa

Annoba ita ce cutar da takan bazu da sauri, ta kama mutane da yawa a lokaci guda. Wata takan tsaya a gari ɗaya, wata kuwa takan game duniya, kamar murar shekarar 1918 da korona ta shekarar 2020. Da yawa daga cikinsu wata ƙwaya ce da ake kira bairos take kawo su. Ƙwayar nan ba ta tafiya da kanta. Mutane ne suke kai ta daga gida zuwa gida ta wurin tari, numfashi, hannu ko jini. Saboda haka abin da jama'a suka ji, da abin da suka aikata bayan sun ji, shi ne yake ƙara wa annoba ƙarfi ko ya rage shi. Garin Jos ya shaida wannan sau uku.

1. Zazzaɓin Lassa: jinya tana bukatar kariya

A watan Janairu na shekarar 1969 wata nas ta mishan mai suna Laura Wine ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a ƙauyen Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta asibitin mishan a Jos, inda ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, tana da ɗan rauni a yatsa. Ita ma ta kamu, ta rasu. Nas ta uku, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta warke, kuma a can ne masana na Jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar, suka ba ta sunan ƙauyen. A farkon shekarar 1970 cutar ta sake ɓullowa a Jos, ta bazu a ɗakin majinyata. Likita Jeanette Troup ta yanke yatsa sa'ad da take binciken gawa don sanin abin da yake kashe mutane, ta kuwa rasu a watan Fabrairu.

Matan nan ba su rasa ƙauna ko ƙwarewa ba. Sanin cutar ne babu a lokacin. Yau an san cewa wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da ƙwayar, yana barinta a kan abinci ta fitsari da kashinsa, kuma mai cutar yakan ba mai jinyarsa ta jini da sauran ruwan jiki. An sayi sanin nan da rayuka. Iyalin da suke shanya hatsi ko rogo a bakin hanya, suna barin abinci a buɗe, ko suna wanke majinyaci da hannu tsirara, sun yi watsi da shi.

2. Ruwan gishiri: jita-jita ma tana kisa

A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta haka ta tsare mutane masu ɗimbin yawa, ko da yake ita kanta ta rasu. Mutum 20 ne suka kamu a Nijeriya, 8 suka mutu, kuma babu ko ɗaya a Filato.

Duk da haka Filato ta ji jiki. Wani dare a watan Agusta saƙo ya zaga ta wayar hannu cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Iyaye suka tada yara da tsakar dare. 'Yan'uwa suka buga wa juna waya daga nesa, kowa yana ganin ceton rai yake yi. Jaridu sun ruwaito cewa mutum biyu sun mutu a jihar, an kwantar da kusan 20 a asibitoci, domin gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga masu hawan jini. Ba maƙiyi ne ya aiko da saƙon ba. Yawancin waɗanda suka yaɗa shi masoya ne. Kyakkyawar niyya ba ta mai da ƙarya gaskiya.

3. Korona: musu, kunya da yunwa

An tabbatar da korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020. A watan Afrilu Gwamna Simon Bako Lalong ya sa dokar hana fita a Filato, ta kuwa haɗa da Jumma'a Mai Kyau da Lahadin Ista, 12 ga wata. Majami'u suka kasance a rufe, iyalai suka yi sujada a ɗakunansu, wasu suna bin wa'azi ta rediyo da talabijin. Kafin ƙarshen watan aka sami mutum na farko mai cutar a jihar, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom ta shiga aikin gwaji.

Halaye uku suka bayyana. Na fari musu ne: wasu suka ce cutar masu kuɗi ce, ko dabarar cin kuɗin gwamnati, tun da ba su ga gawa a titi ba. Amma korona takan zo wa matashi kamar mura, ya kai wa kakarsa mai ciwon sukari ba da saninsa ba. Shi kansa gwamnan ya kamu a watan Disamba na shekarar. Na biyu kunya ce: wasu suka ɓoye rashin lafiya don kada maƙwabta su guje su, wannan kuwa ya ba ƙwayar lokaci. Na uku yunwa ce. Mai tallar kayan miya a Farin Gada da direban keke, waɗanda sai sun fita suke ci, ba za su iya zaman gida kamar mai albashi ba. A watan Oktoba 2020 jama'a suka fasa rumbun kayan tallafi a Bukuru. Dokar lafiya ba ta tsayawa inda tukunya ba ta hau wuta ba, sai in maƙwabta sun ɗauki nauyin juna.

Allurar rigakafi ta iso ƙasar a watan Maris 2021, ita ma ta gamu da jita-jita. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa a kan cutar, bayan an lissafta mutuwar kusan mutum miliyan 7 a duniya, fiye da 3,000 a Nijeriya.

4. Kiyayewa rashin bangaskiya ce?

Tambayar nan ta raba kan masu bi da yawa. A Littafin Firistoci sura 13, Ubangiji da kansa ya umarci firist ya duba mai alamar cutar fata, ya keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa. Keɓewa ba hukunci ba ce, tsare jama'a ce. A Matiyu sura 4, Iblis ya jawo alkawarin kariya daga Nassi don Yesu ya faɗo daga kan Haikali, Yesu kuwa ya ƙi, gama jefa kai cikin haɗari da gangan gwada Allah ne. Basamariyen Luka sura 10 bai guje wa mai rauni ba. Ya ɗaure raunin, ya kai shi inda za a lura da shi, ya biya kuɗin. Mai bi ba ya gudu don tsoro, ba ya kuma ganganci don fahariya. Wanda ya rufe hanci da baki a majami'a saboda tsohuwar da ke zaune kusa da shi, ƙaunar maƙwabci yake yi.

5. Abin da iyali za su yi

(a) A auna labari kafin a aika. Wa ya faɗa? Ya fito daga Ma'aikatar Lafiya, ko hukumar NCDC, ko ma'aikacin asibitin da aka sani? Saƙon da ya ce a tura wa kowa yanzu-yanzu, a yi hattara da shi.

(b) Zazzaɓin da bai ji maganin cizon sauro ba bayan kwana biyu ko uku, a tafi asibiti. Maganin Lassa ya fi aiki idan an fara da wuri.

(c) Mutum ɗaya ya yi jinya, da safar hannu, yana wanke hannu da sabulu. A ware wa majinyaci kwano da ƙoƙonsa, a buɗe taga.

(d) Mai tari da zazzaɓi ya zauna a gida ranar Lahadi. Dattawa da zumuntar mata su kai masa abinci da addu'a har ƙofa.

(e) Idan annoba ce ta yi kisa, a bar ma'aikatan lafiya su shirya gawa. Wannan ba raini ba ne ga marigayi.

(f) Wanda ya warke, a karɓe shi cikin zumunci ba tare da tsegumi ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane saƙo na magani ne ya shigo gidan nan kwanan baya, yaya aka tabbatar da shi?
2. Me ya bambanta dogara ga Allah da gwada Allah?
3. Idan aka sake hana fita, waɗanne gidaje ne a ikkilisiya za su fara rasa abinci, wa zai tuna da su?

Kammalawa

Zazzaɓin Lassa yana dawowa kowace rani, masana kuma ba su shakkar cewa wata sabuwar annoba za ta zo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Iyalin da suka saba tun yanzu da faɗin gaskiya game da rashin lafiya, da auna labari, da tunawa da mayunwata, ba za su ruɗe ba ranar da ta iso. Ubangiji ya ba mutanensa hikima da ƙauna. Amin.