Yadda Ake Gane Jinsin Sauro da Na'urar Auna Nauyin Sinadarai

Ran Laraba Kasuwar Oil Mill ke ci a Fatakwal, a gefen titin Aba, kuma motocin wake da albasa da busasshen kifi daga Arewa na sauke kaya a garin ba dare ba rana. A gari mai yawan ruwan sama irin wannan, ga kwatoci da durom-durom a buɗe, sauro ba baƙo ba ne. Abin da ke damun masana shi ne wane iri. Akwai Anopheles gambiae da Anopheles arabiensis, masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ko a madubin likita kamanninsu ɗaya. Ga kuma Anopheles stephensi ɗan Asiya, da aka fara gani a Jibuti a 2012, sannan a jihar Gombe a 2020. Shi wannan sauron, birane yake so, a tankin ruwa yake hayayyafa. Ga yadda na'urar MALDI-TOF ke tantance su.

Da farko a kamo sauron da tarko, a kashe shi da sanyi, a adana a firiza. Barasar asibiti tana hana shi ruɓewa, amma idan ya daɗe a ciki tana sauya sakamako.

Sai a cire ƙafafu, su kaɗai ake bukata. Cikin sauro ba ya shiga aikin, domin idan macen sauro ta sha jinin mutum ko na akuya, furotin ɗin jinin zai cakuɗe da nata. A jefa ƙafafun cikin ɗan bututu, a ɗiga ruwan asid mai suna fomik da wani sinadari asitonaitiral, a niƙe. A ɗebi ɗigon da bai kai kan allura ba, a ɗora a farantin ƙarfe mai gurabe 96, a rufe shi da wani ɗigon na sinadarin da ake kira matiris, a bari ya bushe.

Nan aikin ya fi daɗin bayani. A cikin na'urar akwai dogon bututu da aka zuƙe wa iska. Hasken leza ya bugi ɗigon, matiris ya sha zafin ya tashi da furotin sama ba tare da ya farfashe ba, kowane ɗauke da cajin lantarki. Lantarkin ya tunkuɗa su da ƙarfi ɗaya zuwa ƙarshen bututun. Kamar 'yan dako ne da suka tashi tare daga bakin mota: mai kwalin ashana ya riga mai buhun wake isa rumfa. Daga lokacin isowar kowane ake lissafa nauyinsa, yawanci tsakanin dalton 2,000 zuwa 20,000. Kwamfuta ta zana layi mai tudu da kwari, kuma kowane jinsi da irin zanensa. Franz Hillenkamp da Michael Karas ne suka ƙirƙiro dabarar a Jamus, Koichi Tanaka na Japan kuma ya sami kyautar Nobel a 2002 kan makamanciyarta. Asibitoci sun fara da gane ƙwayoyin cuta, daga baya masana a Marsai ta Faransa suka gwada ta kan kaska da sauro, har da na Senegal da Mali.

Mataki na ƙarshe, kwamfuta ta gwada zanen da waɗanda ke rumbunta, ta ba da maki daga 0 zuwa 3. Ga sauro, daga 1.8 zuwa sama ake yarda. A ganina nan ne mutane ke ba na'urar girman da ya fi ta, domin abin da aka taɓa nuna mata kawai take ganewa. Idan maki ya gaza, sai a kai ragowar jikin sauron gwajin DNA, a tabbatar da sunansa, a zuba zanensa a rumbun. Sayen na'urar ke da tsada, tana kuma son wutar da ba ta ɗaukewa, amma sinadaran gwajin sauro ɗaya sun fi na DNA araha nesa ba kusa ba.