Tsohuwar mota mai canza bitas da kanta

Yara, kun sha ganin direba yana taka kuloci, yana sa bitas da hannu. Haka ake tuƙa yawancin tsofaffin Peugeot 404 da 504 da suka daɗe suna jigila tsakanin Tasawa da Maradi. Amma akwai motar da ba ta da kuloci, ita ke canza bitas da kanta. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara ƙera irinta da yawa, a motocin Oldsmobile na 1940.

To, wa ke sa mata bitas? Mai ne. A cikin akwatin bitas akwai wani jan mai. Famfo yana tura shi, shi kuma ya matse wasu faifai. In man ya tura da ƙarfi ƙwarai, mota takan zabura kamar jakin da aka tsikara. In ya tura da sanyi-sanyi, faifan sai su riƙa zamewa, su yi zafi, su ƙone. Fasinja ya fi son laushi. Makaniki kuwa laushin da ya yi yawa shi ne abin tsoronsa, domin faifai suna da tsada.

Wata rana aka kawo wata tsohuwar Mercedes garejin wani makaniki a Tasawa, irin waɗanda aka ƙera tun daga 1976. Daga Mayahi ta fito. Mai ita ya ce duk sanda ta canza bitas sai ta fizge shi.

A jikin akwatin bitas ɗinta akwai wani abu kamar ɗan gwangwani mai ƙaramin makulli. A murɗa shi dama, canji ya yi ƙarfi. A murɗa hagu, ya yi laushi. Yaron gareji ya san haka, nan da nan ya kai hannu.

Makaniki ya ce, "Dakata, yaro! Ka duba mai?"

"A'a, maigida."

Suka zaro sandar awo. Man ja ne, ba ya ƙauri. Sai makaniki ya bi wani siririn tiyo da ke zuƙe iska daga gwangwanin. Ashe zafi ya busar da robarsa, ta tsage. In iska ta shiga ta tsagar, ƙarfin mai yakan hau, mota ta yi ta fizga. Aka sa sabuwar roba, aka gwada motar a hanyar Gazawa. Da ɗan sauran fizga. A lokacin ne makaniki ya murɗa makullin hagu kaɗan, ya sake gwadawa, ta daidaita.

Tambayoyi

1. Me ke matse faifai a cikin akwatin bitas?
2. Don me makaniki yake tsoron laushin da ya yi yawa?
3. Abubuwa nawa ya duba kafin ya taɓa makulli?
4. Ku tambayi wani direba sunayen sassan mota 5, ku rubuta su da Hausa da Faransanci.